Yadda za ka musanya mashin ɗinka da babba na doguwar tahiya, ka gyara shi daidai jikinka

Duk wanda ya taɓa hawan ƙaramin mashin 125 daga nan Tawa zuwa Yamai ya san wahalar, kilomita wajen 550 ne, kana wuce Ƙonni baya ya fara ciwo, kafin Dogon Dutsi hannu ya mutu, Doso kuma sai ka sauka ka miƙe kamar wanda aka yi wa duka. Shi ya sa da yawanmu idan Allah ya hore sai mu ce bari mu ba da ƙaramin mu cika kuɗi mu ɗauki babba. To a nan ake asara, don mafi yawa da ido muke saye, mun ga wani ya wuce da ƙaton mashin mai kyalli sai rai ya biya.

Kafin ka je wurin dillali zauna ka tambayi kanka wace hanya kake bi a gaskiya, ba wadda kake mafarki ba. In gudron ne kawai, Tawa, Tsarnawa, Ƙonni, Yamai, kuma kana ɗaukar uwargida a baya, to mashin mai faɗin sirdi da gilashin gaba shi ne naka. Amma in kana ratsewa ƙauye, jar ƙasa, rairayi, ko kana yin hanyar Abalak zuwa Agadas inda ramuka suka ci kwalta, ka manta da irin su Honda Gold Wing. Mashin ne mai daɗi ƙwarai, silinda 6 gare shi, amma nauyinshi ya kusa kilo 400 kuma cikinshi kusa da ƙasa yake, in ya kwanta maka a rairayi kai kaɗai ba ka tada shi. Na irin hanyarmu su ne masu doguwar ƙafa, Africa Twin, Transalp, BMW GS, ko Yamaha Ténéré wanda ma sunan hamadarmu ya ɗauka tun 1983 zamanin da tseren Paris-Dakar ke ratsa Agadas. Tayar gaba mai inci 21 ita ke haye rami da rairayi ba ta nutsewa da sauri.

Sai maganar makanike, wadda mutane ke mantawa. Tsohon Africa Twin 750 na kafireta ne, makaniken da ya san aikinshi zai buɗe ya wanke maka a ƙarƙashin bishiya. Sababbin masu injeksiyon sun fi shan mai kaɗan, sun fi tashi da sauƙi, amma ran da wata fitila ta kama a allo sai an nemo mai kwamfuta, sau da yawa sai Yamai, kuma ba su son man kwalba na ƴan ruwa-ruwa in da datti a ciki. Ni shawarata ka fara zuwa garajin da za ka riƙa kai shi ka ce maigida wane iri ne kake iya gyarawa kuma kake samun kayanshi, amsar da ya ba ka ta fi ta dillali amfani nesa ba kusa ba.

Yanzu musayar kanta. Kar ka kai naka da ƙura, ka wanke shi, ka canja baƙin mai, ka ɗaure sarƙa, fitilar da ta mutu ka sa sabuwa, ƙaramin kuɗi ne amma shi ke hana a karya maka farashi. Kuma abin da nake roƙonka, kar ka yarda a yi maka ciniki dunƙule, wato a ce kawo naka ka cika kaza shi ke nan. A'a. A fara yanke kuɗin naka shi kaɗai, sannan a yanke na babban shi kaɗai, sai a cire a ga cikon. In aka dunƙule ba ka sanin inda aka cuce ka, ana iya yaba naka a ƙara mishi jika 50 a baki, a can kuma an ɗora jika 100 bisa wancan. Ka zagaya wurin mutum biyu ko uku su taya naka tukuna, ka san darajarshi, la'adar dillali ma a faɗe ta tun farko da wanda zai biya.

Duba babban da sassafe ake yi, injin da sanyi. Ka taɓa shi da hannu, in ka ji ɗumi to an riga an tada shi kafin ka zo, ka ce gobe ka dawo. In ya tashi ka tsaya baya ka kalli hayaƙi, shuɗi yana nufin yana cin baƙin mai. Ka shafa ƙafafun gaba ka ga ko mai na tsiyaya, ka ɗaga gaban ka juya kan hagu da dama a hankali, in yana sarƙewa a tsakiya boris ɗin wuya ya tafi. A jikin taya akwai lamba 4 a jere, misali 2319, ma'ana sati na 23 na 2019, tayar da ta tsufa ko zanenta na nan zafin watan Afrilu zai iya fasa ta. In tsohon Africa Twin ne ka sa makanike ya duba famfon mai da abin cajin batir da bakin ƙarfen da ƙaramin piyon, wato mai haƙoran nan na gaba da ke jan sarƙa, ke zama, nan ne ciwonshi.

Takardu kuma ba wasa. Lambar shasi da ke jikin wuyan mashin ka karanta ta da idonka harafi harafi ka gwada da ta kartigiris, ka ga takardar duwan, a rubuta takardar saye da sayarwa a buga mata hatimin hukuma, naka da ka bayar shi ma haka, don in aka yi ɓarna da shi gobe sunanka ne a kai. Na taɓa sakaci da wanga, na karɓi mashin bisa alkawarin za a kawo takardar duwan bayan sati, na yi wata 4 yana jingine a zaure ban isa in fita gari da shi ba, har yau in na tuna raina na ɓaci.

To ka samu mashin. Kar ka taɓa komai tukuna, ka hau shi sati 3 ko wata guda yadda yake, ka yi Ƙonni ka dawo ko sau biyu, jikinka da kanshi zai gaya maka abin da ke buƙatar gyara. Wuri 3 ne jiki ke haɗuwa da mashin, sirdi, gidon (wato kan mashin da kake riƙewa) da matakin ƙafa, kuma kusan duk gajiyar tahiya daga nan take. Ténéré 700 tsayin sirdinshi santimita 87 da rabi ne, in kai ba dogo ba ne ƙafa ba ta kai ƙasa sosai. Kafin ka sayi ƙarfen rage tsawo kai sirdin wurin mai ɗinkin kujerun mota ya rage soson, musamman gefe da gefe ta gaba inda cinya ke sauka, sau da yawa faɗin ne ke hana ƙafa kaiwa ba tsawon ba. Kuma kar ka ce a sa maka soso mai laushi, yana da daɗi minti 20 na farko, bayan nan ka nutse ka zauna bisa roba, mai ɗan tauri shi ke kai mutum Yamai. Wasu na shimfiɗa buzun rago a kai, yana rage zafi da zufa sosai.

Gidon kuma, zauna ka rufe ido ka miƙa hannu inda ya fi maka daɗi, ka buɗe ka ga tazarar. Wani lokaci sassauta ƙusoshi 4 a juyo shi baya kaɗan ya isa, ko sisi ba ka kashe ba. In kana yawan tsayuwa bisa mataki a jar ƙasa sai a sa mishi abin ɗagawa na santimita 2 ko 3, amma a juya kan har ƙarshe a tabbata wayar birki da ta totur ba su ɗame ba. Gilashin gaba shi ma ba girma ne kyanshi ba, bakinshi ya tsaya wajen hancinka kana kallo ta sama, in ya fi haka ranar hazo ko ya yi ƙura ba ka ganin rami.

Abin da kusan kowa ke tsallakewa shi ne amortisa na baya, wato mai sifirin nan da ke shanye gargada. Ku biyu za ku yi, da mita. A ɗaga bayan har taya ta bar ƙasa a auna daga ƙusar taya zuwa wani wuri a jikin wutsiya, sannan ka hau da kayanka da wanda kake goyo a sake aunawa. Ya kamata ya nutse kamar kashi ɗaya cikin uku na tahiyar amortisan, wato iyakar nutsewar da bayan ke iya yi, in tana santimita 20 to 6 zuwa 7 ke nan. In ya wuce a ɗaure sifirin. Mashin da bayanshi ya zauna gabanshi sauƙi yake yi, shi ne kake ji yana rawa in ka wuce babbar mota, fitila kuma tana haska sama.

Kaya masu nauyi ƙasa da gefe, kusa da tsakiya, kar ka tara su can bisa wutsiya. Mai walda na iya yi maka ƙarfen jaka da farantin kare cikin injin, ka dai hana shi yin walda a jikin shasi, a ɗaure da ƙusa. In rairayi da goyo sun fi yawa a rage haƙori ɗaya a piyon na gaba, zai ƙara ƙarfin ja amma injin zai riƙa kuka a gudron da ɗan ƙarin shan mai. Ƙarin fitila a bi da ita ta fiyus da rile nata daban. Salansa kuwa don Allah ka bar ta yadda take, ƙarar da ke burge yara a cikin gari awa 7 a kunnenka azaba ce. Kuɗin canja ta gara ka sa su a kaski mai kyau, da tub na ajiya saboda ƙaya, da filtar iska ta biyu don lokacin hunturu ƙura na toshe ta cikin kwana kaɗan. In za ka yi wajen Tillaberi ko arewacin jiharmu ka tambayi jandarma kafin ka kama hanya, an sha hana yawo da mashin a wasu yankunan saboda tsaro.

Duk abin da ka cire na asali, gidon ne, gilashi ne, piyon ne, ka zuba a kwali ka ajiye a ɗaki. Ran da za ka sake musaya mai saye ba ya biyan kuɗin gyaran da ka yi don jikinka, sai ka maida na asalin, naka kuma ka sayar daban ko ka ɗora su a na gaba in sun hau.