Yadda za ki amsa in an tambaye ki ko mace za ta iya zama Fafaroma

Tun da aka zaɓi Fafaroma Leo na 14 ranar 8 ga Mayu 2025 tambayar nan ke bin mu a nan ƙauyukan Sumaila, ko a bakin rijiya ko wajen sussuka sai maƙwabciya ta ce "wai ku a cocinku mace tana hawa kujerar nan?" kuma da yawanmu sai mu yi shiru ko mu hau kame-kame. Toh 'yan uwana na Zumuntar Mata, ga yadda nake amsawa.

Ki fara da wanda ya cancanta. Namiji ne ɗan Katolika mai baftisma, ba dole sai kadinal ba, wato ɗaya daga cikin manyan mashawartan Fafaroma, in wanda aka zaɓa ba bishop ba ne nan take za a naɗa shi, don shi Fafaroma asalinsa bishop ɗin Roma ne. Amma fa rabon da a ɗauko wanda ba kadinal ba tun 1378, zamanin Urban na 6. Masu zaɓen kuma kadinal-kadinal ne da ba su kai shekara 80 ba, a zaɓen Leo su 133 aka rufe wa ƙofa, har da namu na Najeriya Kadinal Peter Okpaleke, kuma sai mutum ya samu kashi biyu cikin uku sannan farin hayaƙi ya tashi, alamar an samu sabon Fafaroma.

Sai ki zo kan mace, kuma don Allah kar ki yi kwana-kwana, ki ce a'a. Tunda kujerar ta bishop ce, dokar coci kuma ta ce namiji kaɗai ake naɗawa Fada ko bishop, a 1994 Fafaroma John Paul na 2 ya rubuta cewa coci ba ta da ikon canza wannan saboda manzanni 12 da Yesu ya zaɓa duk maza ne. Abin da ke min ciwo shi ne in ji wani ya ƙara da cewa wai don mace ba ta da hankalin shugabanci ne, wannan ba koyarwar coci ba ce, kar ki bari ya wuce.

Nan ne za ki kawo sunaye, ki haddace su tun a gida. Katarina ta Siena ba Fada ba ce amma ita ta matsa wa Fafaroma Gregory na 11 har ya koma Roma a 1377. A Janairun 2025 Fafaroma Francis ya ba Sista Simona Brambilla shugabancin ma'aikatar da ke kula da sistoci da sauran masu alkawarin zaman keɓewa na duniya baki ɗaya, a watan Maris kuma Sista Raffaella Petrini ta karɓi ragamar mulkin birnin Batikan, ma'aikatan hukumar birnin maza da mata a ƙarƙashinta suke.

In mai tambayar 'yar cocinmu ce kar ki sallame ta haka. Tun 2021 aka gyara doka, ana iya naɗa mace mai karatu da mai hidima a bagadi, har da aikin katikis, kuma kin san a rugarmu wani lokacin sai a yi makonni Fada bai zo ba, katikis ke riƙe sujada. Ki raka ta wajen Fada in ya zo ran Lahadi, ta tambayi yadda ake shiga horon a dayosis ɗin Kano, in karatun Hausa ne ya yi mata ƙaranci ku zauna bayan magariba da fitila ku riƙa bin karatun Lahadi mai zuwa tare.