Abin Da Za A Duba Idan Kuloci Ya Ƙi Saki Bayan An Mayar Da Mota Manuwal

Da yawa daga cikin motocin Beljiyam da ake shigowa da su otomatik ne, shi ya sa direbobin haya da dama sukan sayo giyabos na manuwal a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fantekar Kaduna, su ba bakanike ya musanya. Matsalar da aka fi cin karo da ita bayan an gama aikin ita ce a taka kuloci har ƙasa amma giya ta ƙi shiga, ko kuwa ta shiga da gurzar haƙora. A nan ne masu gaggawa sukan sake sauke giyabos, alhali sau da yawa laifin yana waje, inda hannu zai kai ba tare da wahala ba.

Da farko a tabbatar cewa kulocin ne. A kashe inji a gwada kowace giya; idan duk sun shiga lafiya amma da an tayar da inji suka ƙi, to faifan kuloci bai rabu da filawil ba, wato babban faifan ƙarfe da inji ke juyawa. Ribas ita ce mafi saurin tona asiri, domin a yawancin tsofaffin giyabos ba ta da zoben da ke daidaita gudun haƙora, saboda haka ko kaɗan faifan ya ci gaba da juyawa sai an ji ƙara. Idan kuwa giya ta ƙi shiga ko da inji a kashe, sai a koma kan sandar giya da wayoyinta.

Daga nan sai a leƙa ƙarƙashin sitiyari. Shimfiɗar ƙasan motar otomatik ba a yanka ta domin feda ta uku, wato ta kuloci, ba, kuma kaurinta kaɗai yana iya hana feda kaiwa ƙarshe. A sa wani ya taka, a lura ko ƙarfen da aka ɗaure masta (silindar da feda ke turawa ta aika mai) a jikinsa yana lanƙwasawa, musamman idan da hannu aka huda wurin. Sandar da ke tura masta tana bukatar ɗan wasa na kimanin milimita 1 kawai. Idan ya yi yawa, wani kaso na takun yana tafiya a banza.

Iska a cikin bututun man kuloci ita ce babbar mai laifi. Alamarta ita ce feda ta yi laushi, kuma idan aka taka ta sau da yawa a jere giya takan shiga na ɗan lokaci. A cika kofin man masta da man birki DOT 3 ko DOT 4, gwargwadon abin da aka rubuta a murfinsa, mutum ɗaya ya danne feda ya riƙe, na biyu ya buɗe ƙusar fitar da iska ya rufe kafin a saki ƙafa, a maimaita har kumfa ta ƙare, ba tare da an bar kofin ya bushe ba. Dole ƙusar ta kasance a saman silindar ƙasa, wadda ke karɓar mai daga masta ta tura kuloci, domin iska sama take taruwa, kuma bututun da aka lanƙwasa ya haura matsayin masta yakan ɓoye iskar da ba ta fita da sauƙi.

Bayan haka a auna tafiyar sandar silindar ƙasa da ruwula, kada a dogara da ido. A motoci da yawa tana motsawa tsakanin milimita 12 da 15. Idan ta gaza alhali babu iska, mai yiwuwa an haɗa masta da silindar da ba na gida ɗaya ba ne, kamar masta mai faɗin 5/8 na inci a inda ake bukatar 3/4, wanda man da yake turawa ba zai isa ba. Wannan ya zama ruwan dare a inda ake tsinto kaya daga motoci daban-daban. Masu kulocin waya, irin Golf 3 mai ƙaramin inji, su duba ko wayar ta miƙe ko madaidaicinta ya maƙale.

Sai duk waɗannan sun fita lafiya sannan a sauke giyabos. A ciki, a fara duba ko an juya faifan baibai, domin cibiyarsa ta fi tsawo a fuska ɗaya kuma takan gogi ƙusoshin filawil. Galibi akwai rubutu a jikinsa da ke nuna fuskar da ta dace. A ɗora shi a kan shimfiɗaɗɗen gilashi ko a juya shi a kan shaft ɗin giyabos a ga ko ya karkace, abin da yakan faru idan aka bar nauyin giyabos ya rataya a kansa, ko aka jawo giyabos da ƙarfin ƙusoshi. Ya kamata ya riƙa zamewa a kan shaft da turin yatsa, da ɗan giris kaɗan ƙwarai.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da wannan musanya. Injin da ya zo da otomatik sau da yawa ba shi da ƙaramin boris a ƙarshen kiranshaft, wani lokaci ma akwai bushin ko faifan tazara na tsohon tsarin da ya wajaba a cire. Idan boris ɗin da aka saka ya matse kan shaft, inji zai ci gaba da juya giyabos ko da kuloci ya saki sarai. A tabbatar kuma turakun nan biyu masu daidaita inji da giyabos suna nan, cokalin kuloci bai tsage ba, sannan a gwada tsayin boris ɗin saki da na asalin giyabos ɗin kafin a mayar da komai.