Wankin taga ranar da ƙasa ta daskare

Ruwan da na zubar da hannuna shi ya kayar da ni. Na wanke tagogin bene, ruwa ya yi ta tsiyaya kan siminti, na zagaya bayan gida na dawo, ashe har ya kama, ya yi sumul kamar madubi. Ina sa ƙafa sai ji na yi na dira kan wuyan hannu. Na yi makonni ko tsumma ba na iya matsewa.

Tun daga nan, ba na jiƙa gilashi sai na watsa gishiri gauraye da yashi a ƙarƙashin kowace taga, musamman bakin ƙofa da matakala. Gishiri yana hana ruwa daskarewa, amma in sanyi ya kai wajen digiri 9 ƙasa da sifili ƙarfinsa yana raguwa sosai; a nan yashin ne ke riƙe maka ƙafa. Kuma kar lambar da wayarka ta nuna ta ruɗe ka. Tana iya cewa digiri 2 ko 3, alhali simintin da ya kwana a inuwa ya fi iska sanyi. Goga tafin takalminka a wurin ka ji. Ni daga gefen da rana ta fara bugawa nake farawa, na inuwa sai ta ɗaga.

Tsani kuwa, in doguwar sanda za ta kai, bar shi a mota. In ya zama dole, kankare wurin har ka ga busasshiyar ƙasa, ka jingina shi bisa ƙa'ida: duk mita 4 na tsawo, gindinsa ya ja baya mita 1 daga bango. Abin da mutane ke mantawa shi ne takalminka mai laima yana jiƙa matakan tsanin da ka hau, su ma su yi santsi kafin ka sauko. Riƙe busasshen tsumma saboda su kaɗai.

Kar ka kuskura ka zuba ruwan zafi kan gilashi mai sanyi, yana iya tsagewa nan take. Mai ɗumi-ɗumi ya isa. In kumfa na daskarewa kafin ka ja robar share ruwa daga gilashi, ƙara ɗan ruwan wanke gilashin mota irin na hunturu, ka riƙa wankewa kaɗan-kaɗan. Bokiti rabi, taku gajere, takalmi mai zurfin zane a tafi.

Kafin ka tafi, sake watsa gishiri, ka ƙwanƙwasa ka gaya wa masu gida inda ya jiƙe. Abin da ya fi tsaya min a rai ke nan: ni na san inda na zuba ruwa, tsohuwar da za ta fito bayan tafiyata ba ta sani ba.