Kwaɗon Tafkin Oku: kurakuran da aka fi yi a kansa da yadda za a gyara su

A yankin Arewa maso Yammacin Kamaru, a kan tsaunin Oku mai tsayin mita 3,011, akwai wani tafki da ya taru a bakin tsohon dutse mai aman wuta, kimanin mita 2,200 sama da teku. Faɗinsa bai kai murabba'in kilomita uku ba, zurfinsa ya ɗan haura mita 50, kurmi kuma ya kewaye shi. A cikinsa ne wani ɗan ƙaramin kwaɗo yake rayuwa, wanda masana suka raɗa wa suna Xenopus longipes a shekarar 1991. In ka ɗauke gidajen ajiyar dabbobi, babu shi a ko'ina a duniya sai a wannan tafki. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi a jerin halittun da suke gab da ƙarewa. Abin da ya fi damuna shi ne, yawancin ɓarnar da za ta iya gamawa da shi daga hannun masu kyakkyawar niyya za ta fito: ɗalibi mai bincike, baƙo mai yawon buɗe ido, ko mai son kawo wa ƙauye abin dogaro.

Kuskuren farko shi ne ɗaukarsa a matsayin kwaɗon da muka saba gani yana tsalle a bakin rariya da damina. Jinsinsu dabam ne. Ina yaro na taɓa kamo ɗan uwansa a wani kududdufi a bayan gari. Jikinsa shafal kamar an danne shi, santsi kamar sabulu, idanun a saman kai suna kallon sama. Na matse hannu, ya sulɓe ta tsakanin yatsuna, ya bar mini ɗan karce a tafin hannu. Karcen nan daga baƙaƙen farata ne guda uku da ke kowace ƙafar baya. Kwaɗin wannan dangi ba su da harshe, da hannayensu na gaba suke cusa abinci a baki, kuma a cikin ruwa suke rayuwarsu gaba ɗaya. Don haka wanda ya je Oku ya kama ɗaga duwatsu da ganyaye a kan tudu yana nema, wahalar banza yake yi, ga kuma rusa maɓoyar wasu halittu. A ruwan gefen tafki ake duba shi, a natse, ba tare da an dama laka ba.

Daga nan sai kuskuren suna. Wasu da zarar sun ga kwaɗo mai farata a rafi ko fadamar ƙauyukan Oku sai su ɗauki hoto su ce ga shi nan. Tsaunukan Bamenda, waɗanda Oku yake cikinsu, suna da wasu 'yan uwansa, irin su Xenopus amieti, da Xenopus eysoole wanda sai a 2015 aka bayyana shi a matsayin nau'i mai zaman kansa. Na tafkin ƙarami ne, namiji kimanin santimita 3, mace ta ɗan ɗara shi kaɗan. Bayansa ruwan ƙasa ne mai ɗigo-ɗigo, cikinsa ya karkata zuwa ruwan lemo, ƙafafun bayansa kuma dogaye ne, ma'anar longipes ke nan a Latin. Gyaran mai sauƙi ne: rubuta ainihin wurin da ka ga kwaɗon, ka ɗauki hoton baya da na ciki, ka bar masana su tabbatar. Rahoton kuskure yana da illa, domin yana sa a zaci kwaɗon ya bazu a wurare da yawa, a sassauta kula da tafkin.

Su ma 'ya'yansa masu jela suna ruɗar mutane. Suna da gashin baki biyu kamar na tarwaɗa, suna tsayawa a tsakiyar ruwa kai a sunkuye suna tace ƙananan abubuwa, kuma sukan kai kusan ninki biyu na tsawon uwarsu kafin jelar ta shanye. Wanda bai sani ba sai ya ce ai ga 'ya'yan kifi nan, ashe akwai kifi a tafkin.

Babu kifi a Tafkin Oku, kuma a nan babban kuskuren yake.

Mutum ya tsaya a bakin ruwa mai faɗi haka, tsaf, ba mai kamun komai a ciki, abin da zai fara zo masa shi ne: me zai hana a zuba karfasa ko tarwaɗa, jama'a su sami nama, matasa su sami sana'a? Na fahimci wannan tunani, don ni ma a garin da ake ƙaunar kifi na tashi, kuma na san yadda kiwon kifi ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma wannan kwaɗo ya shafe dubban shekaru a ruwan da babu kifin da zai farauce shi. Shi ne ma babban mafarauci a cikin ruwan, yana cin ƙwari da tsutsotsi. Ƙwansa a fili yake, ɗansa kuma yakan yi watanni shida zuwa takwas yana shawagi a tsakiyar ruwa kafin ya zama kwaɗo, kamar yadda aka gani a waɗanda aka raina a gidan zu. Watanni ke nan yana gaban bakin duk kifin da aka saka. Kuma kifi in ya shiga tafki mai zurfin mita 50, babu komar da za ta kwashe shi. Mun ga abin da ya faru a Tafkin Victoria na Gabashin Afirka da aka zuba giwan ruwa a shekarun 1950: ƙananan kifaye 'yan asalin wurin, nau'i kusan 200, suka ɓace. Can ma babban tafki ne mai lunguna da maɓoya. A Oku bokiti ɗaya na 'ya'yan kifi ya isa a yi garin neman gira a rasa ido. Wanda yake son kiwon kifi a yankin ya haƙa kandaminsa a ƙasan tsauni, nesa da tafkin, kuma kada ya wanke bokiti ko raga a ruwan tafkin, don ƙwai da ƙananan 'ya'ya sukan maƙale a jikinsu.

Akwai kuma baƙon da ba a gani da ido. Wani nau'in funfuna da ake kira kitrid yana kama fatar kwaɗi, ya kuma hallaka nau'o'i masu yawa a Ostireliya da Amurka ta Tsakiya. Kwaɗo da fatarsa yake shan ruwa, da ita yake wani ɓangare na numfashi, in ta lalace ya tafi. Cutar tana tafiya a jiƙaƙƙiyar lakar takalmi, da raga, da robar ɗiban ruwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya fito daga wani rafi da safe, ya shiga bakin tafki da rana da takalman nan. Yadda ake yi: a zauna nesa da ruwa, a sa tsinke ko buroshi a ƙwaƙule lakar da ke tsagin ƙasan takalmin har ta fita tas, domin magani ba ya ratsa laka. A jiƙa takalmin da ragar a ruwan bilic, a ɗauraye, a zubar da ruwan wankin a kan busasshiyar ƙasa inda ba zai gangara tafki ba, sannan a shanya su bushe ƙarƙaf, don bushewa sosai tana kashe funfunar. In dole sai an taɓa kwaɗo, a sa sabuwar safar hannu marar hoda ga kowane ɗaya. Hannun da aka shafa wa man sauro ko turare kada ya kusance shi.

A 2006 masu bincike sun tarar da waɗannan kwaɗi a mace da yawa a gefen tafkin, wasu da gyambo a jiki, wasu ƙafa ta ruɓe, aka kuma ci gaba da ganin haka a shekarun da suka biyo baya. Nan da nan zato ya tafi kan kitrid, amma gwajin da aka yi bai ɗora laifin a kansa ba. Ruwa ba ya tsami banza, sai dai yanke hukunci da ido kuskure ne. Wanda ya ci karo da matattun kwaɗi ya ƙirga su, ya rubuta rana da wuri, ya ɗauki hoto, ya sanar da jami'an gandun daji. Kada ya kwashe su ya watsa a wani ruwa, kada kuma ya zuba wani magani a tafkin da sunan taimako.

Ɗaukarsa a kwalba a tafi da shi gida, ko da niyyar ceto, kashe shi ne a hankali. Ya saba da ruwan tsauni mai sanyi wanda ba shi da gishirin ma'adinai sosai, zafin Garwa ko Kano ba zai bar shi ba. Gidan zu na Landan, da duk kayan aikinsa, sai a 2014 ya yi nasarar hayayyafar da shi, kuma 'ya'yan farko sun yi ta mutuwa har sai da aka daidaita ruwan ya yi kama da na tafkin. Masana suna ɗokinsa ne saboda wani abin mamaki: ɗan'adam yana da jeri biyu na ƙwayoyin gado da ake kira kuromosom, 46 gaba ɗaya, shi kuwa jeri 12 gare shi, 108. Binciken irin wannan da izinin hukuma ake yin sa.

Wani kuskuren shi ne kallon ruwa kawai a manta da kurmin. Dajin Kilum-Ijim, mai faɗin kusan hekta 20,000, shi ne yake riƙe ƙasar gangaren. In aka sare itace ko gobara ta ci, ruwan sama zai kwaso jar laka da taki da maganin feshi ya juye a tafkin. Na sha jin ana ɗora wa Fulani Mbororo masu kiwo a filayen tsaunin laifin komai, kuma ban yarda da wannan ba. Akwai awakin manoma da ake saki a daji, akwai wutar share gona, akwai masu ɓare bawon itacen Prunus africana don sayarwa. Gyaran sai an zauna da kowa: a sama wa dabbobi mashaya nesa da tafkin, a yi shingen wuta kafin rani, a ƙarfafa sana'ar da ba ta rayuwa sai da dajin, kamar farin zuman Oku da ya sami rajistar kariya ta sunan asali a 2013.

Baƙi da yawa kuma sukan tsallake masu wurin. Tafkin yana da alfarma a al'adar mutanen Oku, Fon, wato sarkinsu, da majalisarsa ta Kwifon suna da ta cewa a kansa, kuma wannan alfarma tana cikin abin da ya tsare ruwan har yau. Ba sai ka yi imani da abin da suka yi imani da shi ba kafin ka je fada ka gaida sarki, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi ɗan rakiya. Tun ƙarshen 2016 yankin yake fama da rikicin ɓangaren masu magana da Ingilishi, don haka kafin ka kama hanya daga Bamenda ka tambayi mutanen gari halin da hanyar take ciki, in suka ce ka dakata, ka dakata.