Yadda Dikinoni Za Su Riƙe Baiko da Rabon Gwauraye Ba Tare da Zargi Ba

A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni ya tashi a ikilisiyar Urushalima don ana tsallake gwaurayen masu jin Helenanci, wato matan da mazansu suka mutu, wajen rabon abinci. Jama'a suka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cikinsu har da Istifanas da Filibus, manzanni suka ɗora musu hannu. Daga nan ikilisiyoyi da yawa suke ɗauko tushen aikin dikin, wato mai hidimar kula da kuɗin ikilisiya da mabukatanta. A majami'un Baftis dikinoni ne ke ɗauke da shi, a ECWA da COCIN kuwa galibi yana wuyan dattawa. Ko wane suna aka kira su da shi, amanar ɗaya ce, kuma 1 Timoti 3:8 ya hana a ba da ita ga mai kwaɗayin ƙazamar riba.

A fara da ƙirga. Mutum uku ne za su ƙirga baiko, wato abin da masu sujada suka bayar, kada biyu su fito daga gida ɗaya, kuma a riƙa sauya su kowane wata. Da zarar an tashi sujada su shiga ofis su rufe ƙofa. Su ware baikon Lahadi daban, zakka daban, na godiya da na gini daban, domin kuɗin da aka haɗa da wuya a sake raba shi daidai. A jera takardun kuɗi iri-iri, 'yan dubu, 'yan ɗari biyar, har zuwa ƙasa. Mutum ɗaya ya ƙirga, na biyu ya maimaita, na uku ya rubuta. Duk su sa hannu a takarda mai kwafi biyu, ɗaya ga ma'aji, ɗaya ga sakatare.

Inda aka fi samun ɓaraka shi ne cire kuɗi kafin a ƙirga. A ce man janareta ya ƙare, ko baƙon mai wa'azi yana jiran kuɗin mota, sai wani ya sa hannu a jaka da niyyar rubutawa daga baya. Ba a rubutawa. Bayan wata uku lissafi ya ƙi haɗuwa, a fara yi wa mutumin kirki kallon ɓarawo. Maganinsa a ware ɗan kuɗin ƙananan buƙatu a hannun ma'aji, da littafinsa da rasit.

Ranar Litinin a kai kuɗin banki, a manna takardar banki jikin takardar ƙirga. Asusu ya kasance da sunan ikilisiya, masu sa hannu uku, kuma kuɗi ba ya fita sai biyu sun sa. Masu turo baiko ta waya su tura can kai tsaye. Kada a yarda ya bi ta asusun fasto, don kare mutuncinsa.

Baikon kaka yana da nasa kulawar. A rubuta buhu nawa, mudu nawa, tun a gaban masu kawowa. Masara ko dawa da ba ta bushe sosai ba za ta yi fumfuna, saboda haka a shanya ta, a ɗora buhunan kan katako nesa da bango. Wake kuma ya shiga buhu mai leda biyu a ɗaure bakinsa tam, in ba haka ba ƙwari su cinye shi. A riƙe kaso mai tsoka har Yuli da Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma hatsi ya yi tsada.

Rabo kuwa sai da rajista. Dikin ya ziyarci gida tare da wata uwa daga zumuntar mata, kada ya je shi kaɗai. Su duba bakin da ake ciyarwa, yaran da ke makaranta, da ko akwai 'ya'ya masu hali, domin 1 Timoti sura 5 ta ɗora nauyin farko a kan dangi. A kula ƙwarai da waɗanda ba 'yan ƙabilar masu rinjaye ba ne, su aka fi mantawa. A kai taimako gida a asirce. A rahoton da za a karanta wa ikilisiya duk wata uku, a faɗi abin da ya shigo, abin da ya fita da yawan gidajen da suka samu, sunayensu kuma su tsaya a rajista.