Kafin Ku Jefar da Gwangwanin Lemo

Jama'a, don Allah ku riƙa duba ma'aunin da ke jikin gwangwanin lemo. Siririn nan mai tsawo yana ruɗin ido, alhali da shi da gajeren na da, sau da yawa duk 33cl ne. Jiya a Sabon Gari na sayi katan guda, na tarar da ƙura ta kwanta a lungun bakin kowanne, daidai inda leɓe ke sauka. A wanke kafin a ba yara.

In an sha, a murƙushe a tara a buhu. 'Yan gwangwan suna saye, maƙera su narka alminiyon su yi tukwane. Wanda aka jefa kwata kuwa, shi ke toshe mana magudanan ruwa da damina.