Ga 'yan'uwa sababbin zuwa masu son nutso da silinda biyu

Duk shekara sai wasu daga cikin sababbin zuwanmu sun shiga ƙungiyoyin nutso a ruwa, kuma abin yana yi min daɗi. Mu da ake cewa ba mu san ruwa ba, yau ga wasunmu suna koyar da 'yan ƙasa. Sai dai da zarar mutum ya karɓi katin matakin farko daga PADI ko CMAS, ƙungiyoyin da ke ba da shaidar koyon nutso, sai zuciya ta fara raya masa goya silinda biyu na iskar shaƙa, kuma a nan ake shiga uku.

Matakin farko malami ne zai ja ku, ku cike takardar lafiya, shi ke nan, ba sai na ɓata bakina a kai ba. Rigima tana farawa ranar da mutum ya dubi rigar iskarsa mai bayan roba, wato wadda ake hura wa iska don ta ɗaga shi a ruwa, ya ce zai huda ta ya ɗaura mata farantin ƙarfe don ya rage kashe kuɗi. Kada ku kuskura. An ɗinka ta ne don silinda ɗaya. Silinda biyu na lita 12, da ɗamarar ƙarfensu da bawul ɗin da ya haɗa su, cike da iska, sun haura kilo 30. Robar nan ba za ta riƙe su ba, kuma iskar da rigar ke ɗauka ba lallai ta tashe su ba.

Abin da ake yi shi ne a raba kayan uku: faranti, jakar iska, da madauri. Masu nutso a kogunan ƙarƙashin ƙasa na Florida ne suka yaɗa tsarin, ana danganta farantin farko ga Greg Flanagan a 1979. Notinan da ke fitowa daga ɗamarar silinda tazararsu inci 11 ce, wajen santimita 28, haka ma ramukan faranti. Na ƙarfe marar tsatsa yana kai kilo biyu da rabi zuwa uku, na alminiyom bai cika kilo ɗaya ba. Wanda ke nutso a ruwan sanyi da kaya masu kauri ya ɗauki na ƙarfe, ya rage darmar da ake ɗaurawa a ƙugu don ƙarin nauyi. Jakar iska kuwa ta silinda biyu daban take, ta fi faɗi, tana ɗaga kilo 18 zuwa sama.

Yanzu ga inda ya fi ci min rai: silinda na hannu. Ɗan'uwa zai ga tallan araha, ya biya, ya kinkimo, bai ko duba wuyan silindar ba. A wuyan nan aka buga tarihinta: matsin da take ɗauka, hatimin hukumar da ta amince da ita, da ranar gwajin ƙarshe. A Amurka da Ingila duk shekara 5 ake gwada ta da matsin ruwa, ban da leƙa cikinta da ake yi a tsakani. Idan wa'adin gwajin ya wuce, ba mai cika maka iska, ko ka yi kuka da jini. Wani yaronmu ya taho da nasa daga wata ƙasa, ya biya kuɗin dako mai yawa, mai shagon ya juya su ya ga hatimin ba na ƙasar ba ne, ya miƙo masa abinsa. Har yau suna jingine a bayan ƙofa. Ya zo yana cewa wariya aka nuna masa. Na ce a'a, mutumin nan shi ne ke tsaye kusa da silinda lokacin da matsi ke hawa bar 200, ransa yake karewa.

Mafi muni shi ne haƙoran bakin silinda, inda ake murɗa bawul. Na Turai yawanci M25 ne, na Amurka inci uku bisa huɗu, akwai kuma tsofaffin na Ingila masu kama da su. Wani bawul zai shiga bakin da ba nasa ba, ya yi kamar ya zauna daram, sai an cika iska ya fice kamar harsashi. An rasa rayuka ta haka. Kada kowa ya haɗa bawul da silinda a ɗakinsa, ku kai wa mai lasisin gwaji, ku karɓi takarda, ku adana ta.

In an haɗa komai, ku fara a ruwa marar zurfi tare da malami. Iskar da ke cikin silinda biyun nan kaɗai ta kai wajen kilo 6, kuma tana raguwa kuna shaƙa, don haka ku auna darma da silinda saura bar 50, ku ga ko za ku iya tsayawa a mita 5 ba tare da ruwa ya tura ku sama ba. Sannan ku miƙa hannu baya ku rufe kowane bawul da kanku. Idan hannu bai kai ba, a sassauta madaurin kafaɗa ko a ɗaga silindar sama kaɗan, a sake gwadawa.